Randar Ƙofar Majami'a

Buhu goma na siminti na bayar
shekarar da muka ɗaga ginin majami'armu a Kaltungo.
Ran Lahadi na sha babbar riga, na kama bencin gaba,
kunnuwa a miƙe kamar na zomo,
ina jiran sanarwa.
Magatakarda ya jero sunaye har ya ninke takarda,
ba Habila a ciki.
Na rera waƙar rufewa da baki,
zuciyata tana waje tana ƙirga buhuna.

Wata uku ina goyon wannan fushi.
In Fasto ya ce tawali'u,
sai in waiga in ga wa yake nufi.

Akwai randa a ƙofar majami'a, gindin darbejiya,
da moɗa a kife a kan faifai.
Tun ina ɗan makarantar Lahadi nake sha,
ruwan da sanyi har ya riƙe haƙori.
Ban taɓa tambaya ba.
Na ɗauka randa cika take yi,
kamar yadda gari yake wayewa.

Sai wata Lahadi moɗa ta bugi gindi.
Yara suka leƙa, suka koma da ƙishinsu.
Ganye ya kwanta har bakin bagade,
muka zauna a kan ƙura da kayan adonmu
muna kallon juna.

A sanarwa muka ji:
kububuwa ta sari Mama Liyatu da asuba
a hanyar rijiya, tulu a ka.
Wace ce Liyatu? in ji na kusa da ni.
Ni ma sai da na yi tunani.
Tsohuwar nan ta bencin baya
mai tafi a makare, bayan kowa ya gama.

Na iske ta a asibitin saran maciji,
ƙafa ta kumbura kamar turmi.
Na shirya kalmomin ta'aziyya tun daga gida,
ta riga ni:
"Wa ya zuba wa yara ruwa?"
Shekara nawa kina yi, Mama?
Ta ce ba ta ƙirga ba,
tun Dutsen Kilang yana ganinta da baƙin gashi.
Ba wanda ya taɓa gode miki?
Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita.
"Ɗana, wanda ya wanke ƙafafun almajiransa,
wa ya karanta sunansa a daren nan?"

Asabar ta zagayo, na ari jarka.
A rijiya ba dattijo ba ɗan kwamiti,
layi ne kawai, da mata masu hira.
Wata yarinya ta shige gabana,
maganar ta taso har maƙogwaro,
na haɗiye ta. Da ɗaci.
Sahu huɗu kafin randa ta ce ta ƙoshi.

Zan faɗi gaskiya, tunda gaban Ubangiji ne:
da na gama sai na tsaya gyaran faifai,
ina jan lokaci,
ko wani zai wuce ya gan ni.
Akuya ce kaɗai ta wuce.

Ya Yesu, Habilan nan bai mutu ba tukuna.
Girman kai kamar ƙaiƙayin ƙoma yake,
ka cire da safe, da yamma yana bakin wando.
Kada ka gaji da ni.
Koya mini zama randa:
a sha, a kife moɗa, a tafi.

Mama Liyatu ta dawo da sanda, tana ɗingishi.
Ta ɗaga faifai, ta ɗanɗana,
ta ce ban wanke gindin randar ba.
Na ce to, Mama.
Gobe zan wanke.